Ledar magungunan da na kai wajen awo

Cikina na biyu yana wata bakwai ciwon baya ya sako ni gaba, dama tun asuba a tsaye nake wajen koko da ƙosai a Aboabo. Maƙwabciyata ta ce Maman Fati ai diclofenac za ki sha, na aiki yaro kemis ya siyo min, kwana uku ina sha kuma bayan ya lafa kam ba ƙarya.

Ranar awo nas ta tambaye ni me da me nake sha na ce na ƙarin jini kawai, ina ciro littafin awo sai ga katin ƙwayar ya faɗo ƙasa. Kallon da ta min har yau ban manta ba. Ta ce diclofenac da ibuprofen daga sati 20 suna iya taɓa ƙodar jariri ruwan da yake kwance ciki ya ragu, a watannin ƙarshe kuma su rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa tun lokaci bai yi ba. In ciwo ya matsa paracetamol, shi ma iya yadda aka rubuta. Nan take aka tura ni sikanin, Alhamdulillah lafiya lau.

Ta ce zuwa na gaba in kwaso duk abin da ke shiga bakina. Na cika leda, har da ayilo, farar ƙasar nan da ake ci, da nake ɓoyewa a ƙarƙashin filo da jiƙon sassaƙen da Hajiya surukata ta haɗa min a gorar Voltic wai don naƙuda ta zo da sauƙi. Ayilon nas ta ce yana hana jiki jan maganin ƙarin jini, haka ma shayin da nake kora ƙwayar da shi kullum, ashe shi ya sa jinina ya ƙi hawa. Jiƙon kuwa ba wanda ya san ma'auninsa, wani yana tado naƙuda kafin lokaci. SP na maleriya ne kawai ta yarda da ni a kai, don ƙwaya 3 ɗin a gabanta nake haɗiyewa duk wata tun bayan sati 16.

Faɗa wa Hajiya shi ne aikin, ni dai ban iya ba sai Baban Fati na tura. Ta ce yaran zamani, ita da wannan jiƙon ta haifi tara. Na ce haka ne Hajiya, Allah ya ƙara girma. Gorar na nan bayan wadrob har aka yi suna ba a buɗe ta ba.