Hatimin injiniya ba na haya ba ne

A aikinmu na gini, abin da ke riƙe da ran mutane ido ba ya ganinsa. Da zarar an zuba kankare, rodin da ke ciki ya ɓace ke nan. Mai gida ba zai sake ganinsa ba, balle ɗan hayan da zai tare da iyalinsa. Fenti da tayil kowa na iya yabawa. Amma ko rodi mai milimita 16 aka sa a fila, wato ginshiƙin gini, kamar yadda zane ya ce, ko an faki ido an sa mai 12, wannan daga injiniya sai mai ɗaurin rodi sai Allah.

Kuma ba kullum ɗan kwangila ne mai laifi ba. Sau da yawa mai ginin ne da kansa. Akwai wani bawan Allah da na yi wa aiki a wajen Rigasa a Kaduna, zanensa na bene hawa ɗaya ne. Muna gama dekin sai ya ja ni gefe.

"Injiniya, ai fandishon nan da ƙarfinsa. A ɗora mana hawa ɗaya a kai mana."

Na ce, "Alhaji, ba a lissafa shi da wannan nauyin ba. Sai an sake zane an koma KASUPDA." Ita ce hukumar da ke ba da izinin gini a Kaduna.

Ya ce maƙwabcinsa haka ya yi, ga ginin nan tsaye. Sannan yana son kafinta ya cire katakon da ke tokare da dekin cikin mako guda, don a kai shi wani aikin. Kankare kuwa sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, kuma a farkon kwanakin sai ana ba shi ruwa safe da yamma, musamman a zafin Maris na Kaduna. Muka rabu a kan haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, irin wannan mutum ba ya rasa wanda zai buga masa hatimi. Akwai abokan sana'armu masu rajista da COREN, hukumar da aka kafa tun 1970 don sa ido kan aikin injiniya, da ke sa hannu a zanen da ba su lissafa ba, a filin da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Na san rayuwa ta yi tsada, siminti ma ba a magana. Amma a Jos, ranar 12 ga Yulin 2024, makarantar Saints Academy ta rufta, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai.

Na Ikoyi ya fi tsaya mini a rai. Benen mai hawa 21 da ya rushe a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40. Tun a 2020 kamfanin injiniyoyin da ke duba aikin ya rubuta wa mai ginin cewa ya janye hannunsa. Mutane na yaba wa kamfanin, ni ma haka. Sai dai aiki bai tsaya ba, leburori suka ci gaba da hawa da kwanon kankare a ka. A ganina, wanda ya ga haɗarin da ya sa shi ajiye aiki, bai gama ba sai ya kai wa hukumar da ke da ikon rufe wurin rahoto a rubuce. Na Rigasa ma haka na yi, duk da har yau Alhajin ba ya amsa gaisuwata.