Awaki Uku a Gindin Dutsen Kolorado

Kiran farko da na bi lokacin aikin sanin makama na wata dattijuwa ne da ta wayi gari ta tarar da awakinta uku a mace. Gidanta na gindin duwatsu, yamma da birnin Denver a jihar Kolorado, irin wuraren nan da gidaje suka kutsa har cikin daji. Ina karatun kula da namun daji a lokacin, aka haɗa ni da wani jami'i da ya daɗe yana amsa irin wannan kira. Biyu daga cikin awakin na kwance a cikin shinge. Ta ukun sai da muka bi jan jini muka same ta a ƙarƙashin wata bishiya, an lulluɓe ta da busasshen ganye da ƙasa.

Jami'in ya durƙusa ya nuna mini huda huɗu a maƙogwaro, sannan ya nuna sawu a kan laka, mai faɗi, babu alamar farce ko ɗaya. Ya ce kare yagalgala nama yake yi ya watsar, sawunsa kuma da farce. Wannan kuwa ya buɗe ta bayan haƙarƙari, ya ci hanta da zuciya, ya ajiye saura. "Zai dawo da dare," in ji shi.

Dabbar ita ce wadda Amurkawa ke kira kuga, ko fuma, ko zakin dutse. Ba ta da geza, ba ta ruri, jikinta launin ƙasa ne, wutsiyarta doguwa mai baƙin baki. A idon Bahaushe ta fi kama da damisar da babu rodi-rodi a jikinta. Babban namiji yakan kai kilo 60 zuwa 70, mace kuma wajen 40. Ana samunta tun daga Yukon a arewacin Kanada har zuwa kudancin Ajantina da Chile, kuma abincinta na yau da kullum barewar can ce, kusan ɗaya a mako.

Na je gidan nan da zuciya biyu. Na taso a wani ƙauye a ƙasar Bauchi, inda in kura ta taɓa garke ba a zama shawara, maharbi ake kira. Sai kuma na yi zango biyu a aji tare da matasan da yawancinsu ke ganin harbin irin wannan dabba zalunci ne tsagwaronsa, har na fara ɗaukar ra'ayinsu. Saboda haka da matar ta ce cikin kuka a kashe mata shi, idona ya tafi kan kuskurenta. Shingen bai wuce ƙugun mutum ba, babu rufi, ga kuma kwanon hatsi a bayan gida da take zuba wa barewa, abin da dokar jihar ta hana, domin inda barewa ta saba zuwa, mai cinta ma zai saba. Maganar na bakina.

Jami'in bai fara da wannan ba. Ya tambaye ta sunayen awakin, ya tambayi shekarunsu. Ta ce ɗaya da kwalba ta shayar da ita tun uwarta ta mutu. Ya zauna a dakalin ƙofa ya saurare ta kusan rabin awa kafin ya ambaci shinge. A mota ya ce mini wanda aka yi wa ɓarna jiya da dare ba ya jin wa'azi yau da safe, kuma in ka sa ya ji ka fi damuwa da dabbar fiye da shi, nan gaba ba zai kira ka ba, zai ɗauki bindiga ya haƙa rami ya yi shiru. Daga ranar na daina shiga gidan mutane da hukunci a hannu.

Tarihin da muka karanta ya nuna inda wancan hali na "a kashe kawai" ya kai su. Shekaru da dama gwamnatocin jihohi biyan lada suke yi ga duk wanda ya kawo fata ko kan zakin dutse. Kalifoniya ta yi haka daga 1907 zuwa 1963, ta biya ladar sama da 12,000. A gabashin Amurka an shafe su ƙaf, sai 'yan kaɗan da suka rage a fadamun Fulorida. Waɗannan ma sun ragu zuwa 20 ko 30, auren zumunta ya fara jawo musu ciwon zuciya da lanƙwasar wutsiya, sai da aka kawo mata takwas daga Texas a 1995 aka sake su a cikinsu kafin suka farfaɗo.

Abin da ban zata ba shi ne su wa suka fara juya akalar. A 1964 wani mai bincike, Maurice Hornocker, ya fara bin waɗannan dabbobi a dajin Idaho, yana kama su yana sa musu alama, kuma da karnukan wani mafarauci ya yi aikin. Ya gano cewa kowane babba yana da yankinsa, suna kauce wa juna, kuma ba su ƙarar da barewa kamar yadda ake zargi. A 1965 Kolorado ta soke lada ta mayar da zakin dutse dabbar farauta mai lokaci da ƙa'ida da adadi, wasu jihohin yamma suka bi. Adadinsu ya hau ne a ƙarƙashin wannan tsari. Kuɗin aikin ma mafi yawa daga aljihun mafarauta yake fitowa, ta lasisi da kuma harajin bindiga da harsashi da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware wa kula da namun daji. Albashin jami'in da nake bi daga nan wani kasonsa yake.

Na taɓa kwana biyu a cikin dusar ƙanƙara tare da wani mai karnukan farauta, muna neman wanda za mu ɗaura wa na'urar bin sawu a wuya. Karnukan suka ɗauki sansano tun asuba, muka yi ta hawa da gangara har azahar, muka iske sun kora wata mace kan bishiya. Tana huci, tana kallonmu daga sama. Ban ji daɗin ganinta haka ba, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina. Mu allurar barci muka harba mata, amma na san da wani aka zo, harsashi ne, daga 'yan taku kaɗan. Na fahimci abin da ya sa mutane da yawa ke ƙyamar wannan salo.

Amma mutumin ya faɗa mini abin da ban iya ture shi ba. Ya ce dabbar da ke kan bishiya ita kaɗai za ka iya tsayawa ka duba, ka gane namiji ce ko mace, ka ga ko tana shayarwa, ka ja karnukanka ka tafi. Shi da kansa ya ce waɗanda ya kora bishiya ya bari sun ninka waɗanda ya harba sau da yawa. Jihar Oregon ta hana farauta da karnuka a 1994, Washinton ta bi a 1996, duk ta hanyar ƙuri'ar jama'a. A Washinton sai aka sauke kuɗin lasisi aka tsawaita lokaci, masu farautar barewa suka riƙa harbin duk wanda suka ci karo da shi, kason mata a cikin waɗanda ake kashewa ya ƙaru. Mace kuwa takan yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi tana renon 'ya'ya, kuma sau da yawa ta bar su a ɓoye ta fita ita kaɗai. Wanda ya harbe ta bai ga 'ya'yan ba, amma su ma ya kashe su. Masu ƙuri'ar nan tausayi ne ya motsa su, na yarda da haka, sai dai abin da ya biyo baya a daji ba shi suka nufa ba.

Darasin da ya fi girgiza ɗan ƙauyen da ke cikina ya fito ne daga binciken Robert Wielgus da ɗalibansa a Jami'ar Jihar Washinton. Sun ga cewa inda aka tsananta farauta, koke-koken mutane da asarar dabbobi ba raguwa suke ba, ƙaruwa suke a shekara mai zuwa. Dalilin yana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya san zaman unguwa. Tsohon namiji kamar mai unguwa yake: yankinsa ɗaruruwan murabba'in kilomita ne, ya san inda barewa take, ya koyi nisantar mutane, in ba haka ba da bai tsufa ba, kuma ba ya barin samari su zauna masa. Shi ne kuma mafarauci ya fi so, saboda girmansa. Ranar da ya faɗi, samari biyu ko uku ke shigowa, marasa ƙwarewa, masu yunwa, su ne ke leƙa shingen awaki. Tafiyar samarin nan ba wasa ba ce: a 2011 mota ta kaɗe ɗaya a jihar Connecticut, gwajin jini ya nuna daga duwatsun Black Hills na Dakota ta Kudu ya taso, kilomita sama da 2,000. Akwai masanan da suka ƙalubalanci lissafin Wielgus, mun kuma yi gardama a kansa a aji. Duk da haka Washinton ta tsara adadin farautarta kusa da kashi 14 cikin 100, wato daidai yadda dabbobin ke hayayyafa a shekara.

Tsoron kai wa mutum hari shi ne ke cika zauren taro, ko da yake abin ba ya yawan faruwa. Wani mai bincike, Paul Beier, ya tattara bayanan Amurka da Kanada daga 1890 zuwa 1990 ya sami hari 53 da mutuwar mutum 10. Amma a Idaho Springs, ba nisa da gidan dattijuwar nan, an kashe wani ɗan sakandare yana gudun motsa jiki a 1991, kuma tsofaffin garin ba su manta ba. Na koyi kada in karanta wa uwa mai ƙananan yara alƙaluma. Abin da take buƙata shi ne a ce mata kada yaro ya gudu, a ɗauke shi sama, a ɗaga hannuwa a yi tsawa, in ya kawo hari a yi faɗa da shi da duk abin da ke hannu.

A Nuwamban 2024 aka kai maganar akwatin zaɓe a Kolorado, da ƙudiri mai lamba 127 da ke neman hana farautar zakin dutse gaba ɗaya. Hukumar jihar na ƙiyasta akwai tsakanin 3,800 da 4,400, ana harbe kusan 500 a shekara. Ƙudirin ya faɗi, kusan kashi 55 cikin 100 suka ƙi. Shekara huɗu kafin nan kuwa, a 2020, ƙuri'ar dawo da kyarkeci ta wuce da ƙyar, da ƙarfin mutanen Denver da Boulder, aka kuma saki goma na farko a Disamban 2023 a yammacin duwatsu, ƙasar makiyayan da yawancinsu suka ce ba sa so.

Na ba Baba labarin a waya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To su masu ƙuri'ar, suna da awaki?" Na ce mafi yawansu ba su da su, Baba. Ya ce, "To in sun ce a bar shi, su biya mai awakin."

Ni baƙo ne, ba ni da ƙuri'a, amma da ina da ita ba zan goyi bayan hanin ba, haka kuma ba na goyon bayan irin tsarin Texas, inda babu lokaci babu adadi. Kalifoniya ta daina farautar nishaɗi tun 1972, ta tabbatar da hanin da ƙuri'a a 1990, duk da haka ana ci gaba da kashe waɗanda suka ci dabbobin gida da takardar izini. A can ne mutanen Los Anjalis suka ƙaunaci wani zakin dutse da ake kira P-22, wanda ya tsallake manyan tituna biyu ya zauna a Griffith Park, wurin shaƙatawa a cikin birnin, daga 2012 har aka yi masa allurar mutuwa a Disamban 2022, bayan mota ta buge shi. Ƙaunarsa ta taimaka wajen tara miliyoyin daloli na gina gadar namun daji a kan babban titi na 101. Ina jin daɗin wannan gada ƙwarai. Ina so ne kawai irin wannan kuɗi ya riƙa kaiwa ga rumfar awakin talaka, domin abin da ya fi rage ɓarna a duk kiran da na bi shi ne ɗaki mai rufi da ƙofa, da fitila, da karen gadi.

Ina yawan tuna gida a kan wannan. Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kusan 400 ne, a Niokolo-Koba ta Senegal, da gandun W da Arli da Pendjari a iyakar Nijar da Burkina Faso da Benin, da 'yan kaɗan a Kainji da Yankari. Makiyayin da ya rasa saniya, babu wanda zai kira, babu diyya, guba yake zuba wa mushen, ta kashe zaki da kura da ungulu a dare ɗaya.

Dattijuwar nan dai ta amince a kafa kyamara kafin a yanke shawara. Zakin dutsen ya dawo da daren kamar yadda jami'in ya faɗa, saurayi ne, da sauran dabbare-dabbaren ƙuruciya a cikin ƙafafunsa na gaba. Muka kwashe mushen, ta cike takardar neman diyya, ta ɗauke kwanon hatsin. A ƙarshen mako maƙwabta suka taru muka kafa mata rumfar katako mai rufin kwano da sakata, ta fara kora sauran awaki huɗu ciki kafin magariba, kamar yadda Inna ke sa mu yi muna yara. Bayan wata biyu ta turo wa jami'in hoto daga kyamarar, an ɗauke shi da ƙarfe uku da minti arba'in na dare: ga shi tsaye a bakin rumfar yana shinshina ƙofa, a hoto na gaba kuma wutsiyarsa kawai ake gani, ya gangara kwari. Ta rubuta a ƙasa cewa awakin lafiya lau, amma ranar da ta gan shi a ƙofar ɗakinta da rana, za ta sake kira.