Yadda murar tsuntsaye ta shiga hantsar saniya

Na daɗe ina bibiyar abin da masu binciken lafiyar dabbobi ke wallafawa, amma ba kasafai wani al'amari ke sa in koma in sake duba abin da na ɗauka na sani ba kamar yadda labarin shanun tatsa na Amurka ya sa ni. Shekaru masu yawa, idan ana maganar murar tsuntsaye, kaji da agwagi da talotalo ake lissafawa a cikin masu mutuwa, aladu kuma su ake sa wa ido saboda jikinsu na iya karɓar murar tsuntsu da ta mutum a lokaci guda. Saniya ba ta cikin wannan lissafi. An san ta da nata cututtukan, kuma babu likitan da zai ga saniya ta daina cin abinci ya ce bari ya gwada ta ko ta kamu da cutar kaji. A ranar 25 ga Maris na 2024 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sanar da cewa an samu ƙwayar cutar murar tsuntsaye mai suna H5N1 a garken shanun tatsa a jihohin Texas da Kansas, kuma daga ranar aka shiga sake rubuta abin da ke cikin littattafan karatu.

Ita ƙwayar cutar ba baƙuwa ba ce. An fara gano kakarta a jikin dinya a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996, kuma a 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 daga cikinsu suka rasu. Reshen da ke yawo a duniya yanzu, wanda masana ke kira 2.3.4.4b, ya fi na baya ƙarfin hali nesa ba kusa ba: tsuntsayen daji masu ƙaura sun kai shi Arewacin Amurka a ƙarshen 2021, ya gangara Kudancin Amurka inda ya hallaka dubban dabbobin teku masu shayarwa a gaɓar Peru da Chile da Ajantina, kuma a farkon 2024 aka tabbatar da isarsa nahiyar Antatika. Duk da haka, ba wanda ya yi tsammanin samunsa a cikin madara.

Yadda aka gano shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Tun farkon shekarar masu kiwo a arewacin Texas suke ganin shanunsu suna rage cin abinci, tuƙa ta yi ƙasa, zazzaɓi ya kama su, madarar kuma ta ragu ta yi kauri ta koma rawaya tamkar daƙashi, alhali ba sabuwar haihuwa suka yi ba. An gwada cututtukan da aka saba zargi, ɗaya bayan ɗaya, ba a samu komai ba. Abin da ya karkatar da tunanin likitocin da ke zagaya rugagen shi ne matattun tsuntsaye da ake tsinta a kusa da shanun, da kuma kuliyoyin gona da suka fara mutuwa. A wata gona mai kuliyoyi kimanin 24 da ake ba su ɗanyar madarar shanun marasa lafiya, fiye da rabinsu sun mutu cikin 'yan kwanaki, bayan wasu sun makance, wasu suna ta kewaya wuri ɗaya, jikinsu ya sandare. Ruwa ba ya tsami banza. Aka aika samfurin madara da sassan jikin kuliyoyin zuwa ɗakin gwaje-gwajen lafiyar dabbobi na Jami'ar Jihar Iowa, a can aka gwada mura, sakamakon ya fito. Na'ura ce ta tabbatar da cutar, amma idon wanda ya haɗa ciwon saniya da mutuwar kyanwa ne ya nuna wa na'urar inda za ta duba.

Tambayar da ta biyo baya ita ce me ya sa hantsa. Mura cuta ce ta hanci da maƙogwaro da huhu, kuma a nan ake nemanta idan ana ɗaukar samfuri. Ƙwayar cutar ba ta shiga tantanin halitta sai ta samu abin da za ta maƙale wa a samansa, wani irin sukari da ya sha bamban tsakanin tsuntsu da mutum. Masu bincike a Denmak da Amurka sun duba naman hantsa suka tarar yana cike da irin mariƙin da ƙwayar cutar tsuntsaye ke so. Daga nan aka gwada a kan dabbobi masu rai. A wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Jihar Kansas da Cibiyar Friedrich Loeffler ta Jamus, wanda aka wallafa a 2024, an sa wa 'yan maruƙa ƙwayar cutar ta hanci da baki, suka yi ɗan ciwo kaɗan kuma ba su harbi waɗanda aka haɗa su da su ba. Shanun da aka zuba wa ita ta kan nono kuwa suka yi mummunan kumburin hantsa, madararsu ta cika da ƙwayar cutar. Wani abin lura a wannan gwaji shi ne cewa nau'in H5N1 da aka ɗauko daga tsuntsun daji na Turai shi ma ya hayayyafa a hantsar, wanda ke nuna cewa ba wata baiwa ce ta musamman da nau'in Amurka kaɗai ya mallaka ba.

Idan aka fahimci wannan, hanyar yaɗuwar ta fito fili. A manyan gonakin madara inji ke tatsa, kuma kofunan roba guda ake cirewa daga nonon wannan saniya a maƙala wa ta gaba, ɗaruruwa a jere, sau biyu ko uku a yini. An nuna cewa ƙwayar cutar da ke cikin ɗanyar madara tana iya zama da ranta fiye da awa ɗaya a jikin roba da ƙarfen kayan tatsa. Tsakanin gona da gona kuwa, motoci da ma'aikata da kayan aiki sun taka rawa, amma babbar hanyar ita ce jigilar shanun kansu. Masu bincike na Jami'ar Cornell sun bi diddigin wasu shanu da aka ɗauko daga Texas, lafiyarsu ƙalau a ido, aka kai su Ohio, sai cutar ta ɓulla a garken da suka shiga. Yawancin shanun da suka kamu suna warkewa, sai dai madararsu ba ta saurin dawowa, kuma wasu akan fitar da su daga garke saboda sun daina biyan kuɗin abincinsu. Kafin tsakiyar 2025 an tabbatar da cutar a garke fiye da 1,000 a jihohi 17, mafi yawansu a Kalifoniya.

Sai batun da ya shafi kowa, wato ko madarar da ke kasuwa tana da haɗari. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa ta samu burbushin ƙwayar cutar a kusan samfuri ɗaya cikin biyar na madarar da ta saya a kantuna. Labarin ya tayar da hankali, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya tsaya ya gane bambancin gwaji biyu, domin rashin gane shi ke haifar da tsoro marar tushe a wani lokaci, da sakaci a wani lokacin. Gwajin farko, wanda ake kira PCR, yana neman guntun ƙwayoyin gadon cutar ne kawai, ya ninka su har su isa a gani. Ba ya iya bambance ƙwayar cuta mai rai da wadda zafi ya kashe, kamar yadda ganin sawun kura a kan yashi ba ya nuna ko kurar tana raye har yanzu. Domin sanin ko akwai mai rai, sai an ɗauki samfurin an zuba shi a cikin ƙwan kaza mai ɗan tayi, a jira kwanaki a ga ko za ta hayayyafa. Wannan gwaji na biyu yana cin lokaci, kuma da aka yi shi a kan madarar kantunan, ba a samu ko ɗaya mai rai ba.

Abin da ya tsare mutane shi ne dumama madara bisa tsarin da ya samo sunansa daga Louis Pasteur, masanin Faransa na ƙarni na 19: a kai ta digiri 72 a ma'aunin salshiyas na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. An tsara waɗannan ma'aunai ne tun da daɗewa domin kashe ƙwayoyin tarin fuka da sauran cututtukan da ake ɗauka ta madara, ba wanda ya yi tunanin H5N1 a lokacin, amma da sabuwar cutar ta zo sai ta tarar da katangar a tsaye. Sakamakon gwajin farko na PCR ma bai tafi a banza ba. Idan ɗaya cikin biyar na madarar kasuwa na ɗauke da burbushin cutar a lokacin da garkunan da aka tabbatar ba su wuce 'yan gomomi ba, to cutar ta riga ta bazu fiye da yadda alƙaluman hukuma ke nunawa.

Ɗanyar madara kuwa lissafinta daban ne, kuma binciken da aka yi a kan cuku ya ba ni mamaki fiye da komai. Dokar Amurka ta ba da damar sayar da cukun da aka yi da madarar da ba a dumama ba, muddin an ajiye shi ya kwana 60, bisa tunanin cewa gishiri da tsami da bushewa za su kashe abin da ke ciki. Masu bincike a Cornell sun yi irin wannan cuku da madara mai ɗauke da H5N1, suka tarar ƙwayar cutar tana nan da ranta bayan wa'adin ya cika, sai a cukun da aka ƙara wa madararsa tsami sosai tun kafin a haɗa shi. Ƙa'idar kwana 60 ta shekara fiye da 70 ana aiki da ita, kuma an kafa ta ne domin bakteriya, wani rukunin ƙwayoyin cuta da ya bambanta da irin na mura. Ba laifin waɗanda suka kafa ta ba ne, sai dai duk ƙa'idar tsaftar abinci tana da cutar da aka auna ta da ita, kuma idan wata cutar ta zo dole a sake aunawa.

Waɗanda suka fi fuskantar haɗarin su ne masu tatsa. Mutum na farko da aka tabbatar ya kamu daga saniya ma'aikacin gonar madara ne a Texas, an sanar da shi a ranar 1 ga Afrilu na 2024, kuma abin da ya same shi jan ido ne, irin wanda ya zama alamar yawancin waɗanda suka biyo baya, domin madara na fantsamar fuskar mai aiki a ramin tatsa inda hantsa ke daidai da idonsa. Da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gwada jinin ma'aikata 115 a Michigan da Colorado, 8 sun nuna alamar sun taɓa kamuwa, kuma a cikin likitocin shanu 150 da aka gwada an samu 3 waɗanda ba su ma san sun kamu ba. Ba a ga cutar tana bi daga mutum zuwa mutum ba. Abin da ke damun masana shi ne cewa duk lokacin da ta shiga jikin dabba mai shayarwa tana samun damar sauye-sauyen da za su sa ta saba da irin jikinmu.

A nan ne nake da ƙorafi. Nazarin ƙwayoyin gadon cutar ya nuna cewa ta tsallaka daga tsuntsu zuwa saniya ne tun wajen ƙarshen 2023, wato ta yi kimanin wata huɗu tana yawo kafin a san sunanta. Wannan jinkiri ana iya yi masa uzuri, tunda ba wanda ya san abin da zai nema. Wanda ya biyo bayan ganowar ne ke da wuyar karewa. Umarnin tarayya na gwada shanun tatsa kafin a tsallaka da su wata jiha ya fara aiki ne a ƙarshen Afrilu, bayan shanu sun riga sun kai cutar jihohi da dama, kusan ihu bayan hari. Shirin gwada madarar da aka tara a manyan tankuna a faɗin ƙasar kuwa sai a Disamba aka ƙaddamar da shi. Na fahimci ɗari-ɗarin mai gona, domin wanda ya bari aka gwada garkensa aka samu cutar shi ke fara ɗaukar asara, kuma ma'aikacin da ake biya da yini ba ya son a ce ya zauna a gida. Amma hanyar magance wannan sananniya ce a aikin lafiyar dabbobi, wato a biya diyya da wuri domin mutane su daina ɓoyewa, kuma ba sai an yi sabon bincike kafin a san haka ba.

Gwajin tankin bai daɗe da farawa ba ya nuna amfaninsa. A farkon 2025 aka gano cutar a madarar jihar Nevada, da aka duba sai aka ga ba nau'in B3.13 ba ne wanda ya taso daga Texas, wani ne daban mai suna D1.1 da ke yawo a jikin tsuntsayen daji. Makonni kaɗan bayan haka aka sake samun wani tsallakowar mai zaman kansa a Arizona. Wannan ya rushe fatan da wasu suka yi cewa abin da ya faru a Texas tsautsayi ne na sau ɗaya wanda zai ƙare idan an killace garkunan da suka kamu.

Birtaniya ta ɗauki darasin ta fara gwada sauran dabbobin da ke zaune a duk gonar da aka samu murar a tsuntsayenta. A watan Maris na 2025, a yankin Yorkshire, wannan dubawa ta gano H5N1 a jikin wata tunkiya guda mai kumburin hantsa, kuma a madararta aka samu ƙwayar cutar. An kashe ta, aka gwada sauran tumakin garken, ba a samu wata da ta kamu ba.