Bin Sawun Matasan da Aka Koya wa Sana'a a Unguwannin Zangon Kumasi

A farkon shekarar 2023 wata ƙungiya mai zaman kanta da ta koya wa matasa sana'o'in hannu a Asawase da Aboabo da Sawaba ta nemi in taimaka mata wajen gano ko horon da ta bayar ya yi amfani. Waɗanda suka ɗauki nauyin shirin ne suka buƙaci haka kafin su sake ba da wani kuɗi, kuma an zo gare ni ne saboda na yi aikin ƙidayar jama'a ta 2021 a waɗannan unguwanni, na san lungunansu, ina kuma jin harshen Twi baya ga Hausa. Horon na wata shida ne, a ɗinki da gyaran gashi da haɗa wayoyin lantarki da gyaran wayar salula, kuma an yaye ɗaliban fiye da shekara guda kafin in soma aiki. Kowa ya karɓi takardar shaida, wasu kuma an haɗa musu da keken ɗinki ko akwatin kayan aiki.

Takardun da aka miƙa mini a ofis cikakku ne: rajistar halarta, rasiɗan sayen kaya, hotunan bikin yaye da manyan baƙi a jere. Duk sun tabbatar da cewa an yi horon kuma an kashe kuɗin inda aka ce, amma babu ko ɗaya da ta faɗi abin da ya sami matasan bayan an watse daga bikin. Wannan giɓi ya daɗe a ƙasar nan ta Ghana. Tun daga shirin samar wa matasa aiki na ƙasa da gwamnatin Shugaba Kufuor ta ƙaddamar a 2006, wanda ya koma GYEEDA a 2012 sannan ya zama hukumar YEA da dokar 2015, har zuwa shirin NABCO da Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar a nan Kumasi a watan Mayun 2018 domin ɗaukar matasa 100,000 masu ilimi mai zurfi a kan alawus na sidi 700 a wata, abin da ya fi yawo a bakin jama'a da rediyo shi ne yawan waɗanda aka ɗauka. Ƙidaya wanda ya shiga ba ta da wuya, tun da a gabanka yake zaune. Sanin inda ya tsaya bayan shekara biyu kuwa sai an taka ƙafa an neme shi.

Neman nasu ya cinye makonnin farko. Lambobin waya da yawa sun mutu, kuma sunan da ke cikin rajista sau da yawa ba shi ne sunan da unguwa ta san mutum da shi ba, domin wanda aka rubuta da cikakken sunan yanka da na mahaifi, a layinsu laƙabi kawai aka sani. Sai da na bi ta hannun limamai da shugabannin mata da masu shayi kafin na fara samun mutane. Wani dattijo a Aboabo ya ƙi nuna mini gidan jikarsa har sai da na yi masa bayani sau biyu. Ya ce, "Yaro, in kuɗin keken kuka zo karɓa, ka faɗa mini ni, kada ka tayar mata da hankali." Na ce, "Baba, ba bashi na zo bi ba, so nake in ji ko keken ya amfane ta." Daga ranar na gane cewa duk wanda ya shigo zango da takarda da alƙalami, ana yi masa kallon ko mai karɓar haraji ko mai rabon tallafi, kuma kowanne daga cikin zaton biyu yana lanƙwasa amsar da zai samu. Wanda ya ɗauka haraji ne zai rage abin da yake samu, wanda ya ɗauka tallafi ne zai ce ba ya samun komai, wanda kuma yake jin nauyin ƙungiyar da ta yi masa alheri zai ce komai lafiya.

Tambayar farko a takardata ita ce, "Kana da aiki?" kuma ita ce ta fi kowace rashin amfani. Amsoshin da na riƙa ji su ne "ana ɗan taɓawa", "muna buga-buga", "sai godiyar Allah". Ma'aunin da masu ƙididdiga na duniya ke bi yana lissafa mutum a cikin masu aiki idan ya yi aikin neman kuɗi ko da na sa'a guda ne a cikin mako, kuma da wannan ma'auni kusan kowa a jerin sunayena mai aiki ne, domin a zango ba mai iya zama hannu rabbana. Amma saurayin da ya koyi haɗa wayoyin lantarki, yau yana tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, ta wani yana kai masa kuɗin yini, ba zai ce maka yana da aiki ba, kuma horon ba shi ya ɗora shi a kan wannan keke ba. A ɗaya gefen akwai matar da ta yi aure ta koma cikin gida, wadda ofis ya rubuta cewa ta bar sana'a, alhali tana yi wa matan layinsu kitso da ɗinkin kayan yara a tsakar gida, tana zuba adashi, wanda a nan ake kira susu, kowane mako ba fashi. Da na tsaya a kan tambayar nan, da na rubuta saurayin a cikin nasarorin shirin, na rubuta matar a cikin asararsa, kuma duka biyun da na yi kuskure.

Saboda haka na sake tambayoyin gaba ɗaya. Na daina tambayar nawa mutum ke samu a wata, domin ba al'adarmu ba ce a bayyana wa baƙo samu, kuma mai sana'ar hannu ma da wuya ya riƙe lissafin wata a ka. Na koma tambayar abin da ya faru jiya da shekaranjiya: aiki nawa ya shigo, nawa aka biya, nawa aka sayi zare ko kayan gyara. Na riƙa tambayar ko ana zuba susu kuma nawa ake zubawa, ko mutum ya ƙara wani kayan aiki da kuɗinsa, ko yana da yaro mai koyo a ƙarƙashinsa, da kuma wanda ke biyan kuɗin wuta da hayar shago. Sannan in nemi a nuna mini keken ko akwatin kayan aikin da idona. A wasu gidaje na tarar da keke a lulluɓe da zane a ƙuryar ɗaki, a wasu an sayar da shi lokacin rashin lafiya ko biyan kuɗin haya, kuma ban ga laifin kowa a ciki ba, domin gidan da ba shi da abin faɗawa a kai, jarinsa ne ke fara tafiya idan lalura ta zo.

Akwai kuskuren da na yi wanda ya kamata in ambata. Zagayen farko na tambayoyi ya faɗo a cikin azumi, a ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin da kowane tela a Kumasi ke kwana a kan keke saboda ɗinkin Sallah. Abin da na tattara ya nuna masu ɗinki sun yi wa sauran nisa ƙwarai. Wata uwar ɗakin masu koyon ɗinki ce ta ankarar da ni, ta ce, "Malam, ka dawo bayan Babbar Sallah ka ga yadda muke zama muna kallon hanya." Na koma a watan Agusta, na tarar da shagunan da na bari cike da yadi sun yi tsit. Haka kuma sai da na yi hattara da darajar kuɗin kanta, domin hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamban 2022, ta yadda wanda ya ce samunsa ya ƙaru a kan na shekara biyu baya zai iya kasancewa shinkafar da kuɗin ke saya ta ragu.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma ya fi canza fahimtata, shi ne neman waɗanda za a gwada su da ɗaliban. Idan matashi ya fi yadda yake a da, ba lallai horon ne ya jawo ba, domin shekara biyu a rayuwar mai shekara ashirin tana kawo sauyi ko da ba shiri: ya girma, ya san mutane, wani kawu ya ja shi kasuwar Kejetia. Don a san rabon horon a ciki, dole a duba takwarorinsa da ba su shiga ba. Na yi sa'a ƙungiyar ta ajiye sunayen waɗanda suka nemi shiga ba su samu gurbi ba, na bi su kamar yadda na bi sauran. Da yawa daga cikinsu ba su zauna ba. Wasu sun shiga koyon kanikanci a Suame Magazine, babbar unguwar masu gyaran motoci ta Kumasi, a hannun masta, wasu sun kama saye da sayarwa, kuma da na jera su kusa da waɗanda aka horar, tazarar ba ta kai yadda ofis ke zato ba. Ko wannan tazarar ma ban iya jingina ta duka ga horon ba, saboda da na bincika yadda aka yi zaɓe, na ga an fi ɗaukar waɗanda suka iya karatu da rubutu da waɗanda wani babba ya tsaya musu, wato mutanen da tun asali sun fi damar ci gaba.

A lokacin ne na karanta sakamakon binciken da aka yi a kan shirin koyon sana'a na ƙasa, wanda hukumar COTVET mai kula da ilimin fasaha da sana'a ta gudanar, inda aka yi amfani da ƙuri'a wajen raba gurabe tsakanin masu nema, don kada zaɓe ya gurɓata gwaji. Masu binciken sun gano cewa shirin ya janye matasa daga aikin albashi zuwa sana'ar kansu, amma a shekarun farko abin da suka samu a sana'ar bai cike gurbin albashin da suka bari ba, sannan waɗanda suka koya a hannun masu sana'a mafi gogewa da ciniki sun fi sauran samu. Wannan batu na ƙarshe ya yi daidai da abin da na gani da idona. Ɗaliban da aka kai shagon da ke da ciniki sun fito da hannu mai kyau da kuma abokan ciniki, domin masta ko uwar ɗaki kan tura musu aikin da ya yi mata yawa. Waɗanda suka koya a aji, mutum da yawa a kan keke ɗaya, sun fito da takarda da ilimin yanka, amma ba wanda ya san su balle ya ba su amanar yadinsa. Koyon sana'a na gargajiya a nan yakan ɗauki kimanin shekara uku, kuma a ganina rabin abin da yaro ke tarawa a wannan lokaci sanin mutane ne da sanin farashi da yadda ake lallashin mai kaya idan aiki ya makara. Wata shida ba ta isa ta ba da wannan ba, sai dai ga wanda ya riga ya fara koyo a wani wuri, kuma irin waɗannan ne na ga horon ya fi ɗagawa.

Wani abu da ban shirya aunawa ba ya fito daga bakin tsofaffin teloli. A wani layi a Sawaba an buɗe sababbin shagunan ɗinki kusa da juna, kuma masu kawo ɗinki ba su ƙaru ba, sai aka raba su. Abin da sabuwar tela ta samu, wani ɓangarensa daga hannun maƙwabciyarta ya fito. Rahoton da ya ƙidaya ɗalibai kaɗai zai nuna riba, amma unguwar gaba ɗaya ba lallai ta ƙaru da komai ba. Masu gyaran waya da na lantarki ba su gamu da wannan sosai ba, domin aikinsu yana fita wajen unguwa.

Rubuta rahoton bai zo da sauƙi ba. Ma'aikatan ƙungiyar mutane ne masu kishi da suka sha wahala a kan shirin, kuma sun ji tsoron kada gaskiyar ta sa a yanke kuɗi. An roƙe ni in sa labaran mutum biyu ko uku da suka yi fice a gaba, in tura sauran bayani baya. Na sa labaran, domin gaskiya ne kuma masu su sun cancanci a ambace su, amma na rubuta a fili cewa ba su ne hoton yawancin ɗalibai ba, na kuma bayyana iyakar abin da gwajina zai iya tabbatarwa tun da ba ƙuri'a aka yi ba. Na zauna da shugabar shirin na ce mata, "Hajiya, idan muka ɓoye inda ya yi rauni, zagaye na gaba ma a nan zai karye, kuma 'ya'yanmu ne za su ɓata wata shida." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a bar shi yadda na rubuta.

Da aka zo shirya zagaye na biyu, an kira ni tun kafin a buɗe rajista. Mun rubuta sunan kowa da laƙabinsa da masallacin da ya fi kusa da gidansu da lambobin mutum biyu na danginsa, mun tambayi abin da yake yi da abin da yake samu kafin ya fara, kuma da masu nema suka fi gurabe yawa, an yi ƙuri'a a bainar jama'a a gaban iyaye da limamai. An rage gurbin ɗinki, an kai yawancin ɗalibai shagunan da ke da ciniki maimakon aji, kuma an ware kuɗin bin sawu tun daga farko: ziyara ɗaya a lokacin ɗinkin Sallah, ɗaya a lokacin da kasuwa ta kwanta, ga waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu da waɗanda ba ta faɗa musu ba.