Sati biyu da na'urar suga manne a damtsena

Shekara shida ina fama da ciwon suga, irin na manya ɗin nan nau'i na biyu. Kullum da asuba in soka yatsa in ga 130 in ce Alhamdulillah, amma da an yi min gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata uku, sai ya fito sama da 8. Na rasa inda gizo ke saƙar.

Ƙanina ne ya aiko min da na'urar auna suga dare da rana, FreeStyle Libre, girmanta kamar kwabo, ana manna ta a bayan damtse ta yi kwana 14, wani ɗan siririn zare ya shiga ƙarƙashin fata, sakamako yana zuwa a waya. Ba jini take aunawa ba fa, ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, shi ya sa takan yi lattin 'yan mintoci in suga na gudu.

Ranar farko ta tona min asiri. Kokon safe da nake sha ba sukari ina ganin na yi ƙoƙari, cikin awa ɗaya na ga 250, wallahi sai da na sake dubawa. Tuwon shinkafa kuwa ba a magana. Ashe yatsan asuba lokacin da komai ya lafa kawai yake nuna min. Likitana ya ce abin nema suga ya zauna tsakanin 70 da 180 a kalla kashi 70 na yini da dare, wajen awa 17 kenan, ni kuwa ko rabi ban kai ba.

Sai na rage kokon zuwa rabin kofi, na fara cin ƙwai ko ƙosai tukuna, bayan Isha kuma in taka kamar minti ashirin a layinmu, da idona nake ganin layin wayar na gangarowa. A wani bincike a Amurka a 2021 kan masu allurar insulin, HbA1c ɗin masu wata na'ura irin wannan ya sauka da 1.1 cikin wata 8, na masu soka yatsa 0.6. Ita dai ba magani ba ce, kunya take sa ka ji kafin ka ƙara malmala.

Wani dare ta nuna 60 hankalina ya tashi, na soka yatsa na ga lafiya lau, ashe kwanciya na yi a kanta. Tsada kam akwai ta, ban iya saye duk sati biyu, sai dai in na samu hali, amma rabin kofin nan ya zauna.