Zaman da nake yi da mai reno kafin in miƙa mata jariri

Hutun haihuwa na ma'aikaciya a Nijar sati 14 ne. Ke nan ranar da za ki koma bakin aiki jaririnki bai cika wata 4 ba, nono kaɗai yake sha, wuyansa ma bai gama tsayawa ba. Wadda mahaifiyarta ko ƙanwarta take kusa ta huta. Mu da muke zaune a Yamai dangi suna can Maraɗi ko Ƙonni, dole mu nemi matar da take karɓar yara a gidanta. Sau uku na yi wannan nema tsakanin unguwannin Bukoki da Lazare.

A karon farko gaisuwa kawai na je na yi. Maƙwabciya ta ce mutuniyar kirki ce, kuma gaskiya ta faɗa. Na ce, "Inna, za ki iya da jariri ƙarami haka?" Ta ce, "Haba ƴata, takwas na haifa." Kunya ta rufe mini baki. Bayan sati uku na tarar ana ɗura wa yaro ruwa da bauri, wai zafi ya yi yawa. Ba mugunta ba ce, haka ta reni nata. Ni ce ban faɗa ba.

Yanzu ba na zuwa bayan la'asar, lokacin da aka share tsakar gida yara sun watse. Tsakanin ƙarfe 11 da azahar nake zuwa, tukunya tana kan wuta, wannan yana kuka wancan ya ɓata wando. A nan ake ganin ainihin gidan. Ina fara ƙidaya yara da idona, har da nata da jikokinta, don in kin tambaya waɗanda ake biya musu kaɗai za a lissafa miki. In waɗanda ba su fara tafiya ba sun wuce 2 a hannun mace ɗaya, ba na ci gaba da maganar. Baya ɗaya gare ta, kuma girki yana jiranta.

Daga nan sai in nemi wuri in zauna a ƙasa kan tabarma, in dubi gidan daga tsayin mai rarrafe. Bokiti ko baho da ruwa a buɗe shi ya fi ba ni tsoro, don yaro mai wata 10 nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, in ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa, kuma babu wanda zai ji ƙara. Sai murhun gawayi da butar shayi, da kwalbar gaz, da wayar wuta da ta sauko. Ina neman inda ake ajiye kananzir da ruwan Javel, wato sinadarin nan mai farar da tufafi, don a gidaje da yawa cikin robar lemo ake zuba su, yaro kuwa robar ya sani. Ƙofar gida tana rufuwa? Masai yana da marufi? Akwai sabulu kusa da buta?

Ɗakin da zai kwanta sai na shiga. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka tanda ne. Nakan ce, "Inna, in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, ina kike kai su?" Amsar da nake so ita ce rumfa ko inuwar bishiya, da shafa jiki da tsumma mai laima. Sange kuma ba ya isa a nuna mini shi a naɗe, sai na warware na duba huji. Jariri rigingine zai kwanta, a shimfiɗa mai tauri, babu matashi, kuma ba cikin manyan yara ba.

Tambayar da amsarta "i" ce ko "a'a" ba ta da amfani, kowa "ba komai" zai ce miki. Labari nake kawowa in bar ta ta ƙarasa. "Jikinsa ya yi zafi da ƙarfe 10, kin kira ni ban ɗauka ba, me za ki yi?" In ta ce akwai maganin da ya rage na wani yaro, ko za ta aika wajen mai tallan magani, na gane inda muka tsaya. Abin da muke shiryawa shi ne ta auna da ma'aunin da na bar mata, in ya kai 38 ta kira ni ta kira mahaifinsa, in ba ta same mu ba ta ɗauke shi zuwa likita mafi kusa, don zazzaɓi a damina sai an gwada jini. Ina bar mata hoton katin rigakafinsa, da jika biyu a ambulan na taksi, da lambobi uku a rubuce jikin bango, har da 18 ta ƴan kwana-kwana. Gudawa ma haka: ƙunshi ɗaya na garin SRO, wato haɗin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ba rabin lita ba, abin da ya kwana kuma a zubar. Nakan sa ta haɗa a gabana sau ɗaya.

Akwai tambayar da take da nauyi a baki amma ba na tsallake ta: "In ya ƙi barci ya yi ta kuka, me kike ba shi?" Akwai masu ba yara maganin mura don su yi laƙwas. Ina faɗa a fili cewa ko cokali ɗaya na kowane magani ba ya shiga bakinsa sai da sanina. Haka bauri, haka zuma kafin shekara ɗaya, haka ruwa kafin wata 6. Wanzami ma ba ya taɓa shi, ko da an ce beli ne yake damunsa.

Nonon da na tatsa cikin ƙananan kofuna masu murfi nake kawo shi, kowanne na shan sau ɗaya. A firij yana kai kwana 4, a waje kuwa awa 4 ce iyakarsa, a zafin nan ma ban yarda ya kai haka ba. Ba a ɗora shi kan wuta, cikin ruwan ɗumi ake tsoma kofin, wanda ya sha ya rage ba a mayar da shi.

Sai batun wa zai riƙe shi in ta fita. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, cefane a kasuwar Katako, duk ba a raba mace da su. Yawanci ƴarta mai shekara 10 ake bar wa yaran. Na fi so ta gaya mini tun da dare in nemi wata dabara, ko ta nuna mini babbar macen da za ta tsaya a madadinta, ita ma in zauna da ita. Ina kuma tambayar su wa suke shiga gidan da rana, samari ne, ƴan haya ne, da harshen da ake yi wa yara, Zabarmanci ko Hausa.

Maganar kuɗi a ƙarshe nake kawo ta, gaban wadda ta haɗa mu. Nawa ne a wata, ranar nawa ga wata, wa zai sayi sabulu da kunzugu da garin kunu, me za a ƙara in na makara bayan magariba, ya za a yi da ranakun salla da ranar da yaro bai zo ba. Ita ma ina ba ta fili ta faɗi nata, galibi kukansu ɗaya ne, iyaye suna makara kuma suna kawo yaro da ciwo ba su faɗa ba. Mukan rubuta duka a ƙaramin littafi, shi ne kuma take sa alamar sau nawa ya sha, sau nawa ya yi kashi.

Ina fara kai shi sati ɗaya kafin hutuna ya ƙare: ranar farko awa 2 ina zaune, ta biyu awa 3 ba ni nan, a haka har wuni guda. Tun a zaman farko nake gaya mata zan riƙa leƙowa ba tare da na kira ba, ina kallon fuskarta lokacin da nake faɗa. Wadda take riƙe mini ƙaramar yanzu cewa ta yi, "Ƙofa ba ta da sakata a kanki, ƴata." Ranar Laraba da azahar na leƙa, na tarar da ita a rumfa, yarinya tana goye a bayanta, bokitin wanki a kife.