Kafin ka kai kuɗinka Ikeja

Ɗan ƙanwata da ke zaune da mu a Agege ya girka Ubuntu, wani nau'in Linux, a cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, allon yana jan ƙafa, linzami sai ya ga dama yake motsi. Jiya na ji shi a waya yana taya katin hoto wurin wani a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Na ce ya ajiye wayar nan.

Irin kuɗin nan na taɓa zubarwa. Lokacin ina gyaran kwamfuta, na saka Windows XP a cikin QEMU, wata manhaja irin VirtualBox, saboda tsohuwar manhajar lissafin wani ɗan kasuwa a Mile 12. Hoto yana saukowa layi-layi. Na yanke cewa katina ne ya tsufa, na hau danfo zuwa Ikeja, na sayo na hannu da kuɗin da na ware na haya. Na dasa, ko gezau. Ashe Windows ɗin da ke ciki bai ma san da katina ba. Abin da QEMU ke nuna masa a wancan zamani kwaikwayon wani tsohon katin Cirrus Logic ne na shekarun 1990, kuma furosesa ce ke zana kowane ɗigo. Ita ma fassara mata umarni ake yi, domin VT-x, fasahar furosesar Intel da ke barin kwamfutar ciki ta yi aiki kai tsaye, a kashe yake a BIOS, wato saitin farko na kwamfuta. KVM kuwa, wanda ke ba QEMU damar amfani da VT-x, da ya shiga Linux tun 2007, ko sunansa ban ji ba.

Ba zan ce wauta ce zalla ba. A lokacin intanet sai an je shago an biya na awa, ga wuta yanzu akwai anjima babu, kuma wa zan tambaya? Mai sayar da kati ba zai ce kada ka saya ba. Amma fa takardar bayanin QEMU tana nan, ƙiwa ce ta hana ni karantawa.

Ku da data ke aljihunku, mene ne uzurinku? Bidiyon minti ɗaya kuke kallo ku ce kun iya.

Ɗana, shiga BIOS ka kunna VT-x, ko AMD-V in furosesarka ta AMD ce. In a kan Windows kake, ka ga koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox, to Hyper-V, manhajar Windows mai irin wannan aiki, ne ya riga ka kama VT-x ɗin. Sannan ka girka Guest Additions, wato direbobin VirtualBox, a cikin Ubuntu, ka kunna 3D a saitin VirtualBox, ka kai ƙwaƙwalwar hoto 128MB. Mai QEMU ya nemi virtio-gpu da virgl, masu miƙa aikin zane ga katin hoto na gaske. Buga umarnin glxinfo a cikin Ubuntu, zai nuna maka abin da ke zana hoto: muddin ka ga kalmar llvmpipe, har yanzu furosesa ce ke ɗauke da kayan.

Kada ka sayi komai. To, sai dai in RAM ɗinka 4GB ne kana son raba shi gida biyu. Wannan kam tashi ka je Ikeja, kuma ka sa a gwada maka a gabanka kafin ka biya.